Malamin Tarihi a Ƙofar Melaka

Kusan kowane mako sai wani a cikinku ɗalibai ya leƙo ofishina a Danau Kota, ya ja kujera, ya dubi taswirar da ke bango, ya ce, "Kawu Isyaku, wai har yanzu akwai mai biya a shirya masa tafiya? Ai komai yana cikin waya yanzu." Jiya ma wasu biyu suka zo, wai in koya musu aikin a cikin hutun mako biyu, su riƙa samun na shan shayi a mamak, shagunan abincin Indiyawan nan. Ban ji haushi ba, don ni ma da irin wannan tunanin na shigo. Amma tunda kun tambaya, ku gyara zama.

Ni yadi ne ya kawo ni ƙasar nan. Ina sayo wa 'yan Kantin Kwari kaya a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, idan sun zo kuma ni ne ɗan rakiya. A saman wani shagon mayafai akwai ƙaramin ofishin wata Ba'indiya, Madam Saroja, inda nake kai baƙina yankar tikitin bas. Wata rana ta ce, "Kai kullum kana yin aikina a kyauta. Zo ka koya shi sosai." Shekara uku na yi a hannunta.

Wata shida na farko ko kwamfuta ba ta bari na taɓa ba. Abin da ta ba ni shi ne kuɗin mota, littafin rubutu da igiyar awon tela. Ta ce in je otal kaza in kwana. In auna faɗin ƙofar banɗaki, ko keken gurgu zai shiga. In ƙirga matakala. In ga ta ina rana ke bugun ɗakin, ina masallaci mafi kusa, ina asibiti. Sannan in shiga kicin in ga tukunya da idona. Maganarta kullum ita ce kada in sayar wa mutum gadon da ban kwanta a kai ba. Na ce mata mu ma muna da irinta: zuwa da kai ya fi saƙo.

Kayan aikina har yau ba su wuce waɗannan ba. Ga littafi, ga awon tela, ga takalmin roba na shiga taɓo, ga jadawalin cikar teku da janyewarta, don bakin ruwan da ka gani da safe yana sheƙi, da la'asar sai ka tarar ya zama fadama. Sai wani kati da na manna wa leda, an rubuta shi da harshe uku. Wannan katin da kunya na saye shi.

Aikin farko da Madam ta sakar mini ni kaɗai, wasu tsofaffi ne mata da miji, 'yan Hindu, za su kwana biyu a Port Dickson. Tun haihuwarsu abu mai jini bai taɓa shiga bakinsu ba. Na kai su gidan abinci, na ce wa mai girki ganye zalla, ba nama ba kifi. Ya ce, "Boleh," wato ba matsala. Aka kawo alayyafon ruwa yana tururi. Tsohon ya kai cokali biyu, ya ajiye. Ashe an sa belacan, daddawar ƙasar nan, wadda da ƙananan jatan lande ake yinta. A wurin mai girki wannan ba nama ba ne, kayan miya ne kawai. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya fita ya kurkure baki, ranar bai sake cin komai ba.

Da muka dawo Madam ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi mini. "Da naman alade ne a kwanonka, aka ce maka ai ɗan kaɗan ne, ya za ka ji?" Tun daga nan nake yawo da katin, da sunan duk abin da ke ɓuya a cikin miya: belacan, busassun ƙananan kifi, romon kaza, man kawar teku. Ba na tambayar ko akwai nama. Ɗaya bayan ɗaya nake karanto su.

Madam ta tsufa ta ajiye aiki, na buɗe nawa. Abu yana tafiya, har na sayi mota mai cin mutum goma. Sai shekarar annoba ta zo. Aka rufe iyakoki, aka hana ko ƙetara jiha. Wayar da ba ta hutawa ta yi shiru kamar an zare mata batir. Na cire kujerun motar na riƙa kai wa ɗalibai shinkafa da mai a gidajensu, da haka na riƙe ofishin. Amma babbar asarar sai da aka buɗe gari na gan ta. Na ɗauko littafina na shekara goma sha biyu ina bugawa lamba bayan lamba. Wannan ya rufe, wancan ya sayar, mai girkin da na yarda da shi ya koma ƙasarsu, wani kuma Allah ya yi masa rasuwa. Rabin abin da na sani ya zama tarihi. Dole na sayi sabon littafi, na sake bin gaɓar tekun nan da ƙafa kamar ɗan koyo, da furfurata.

Ina cikin wannan hali wata ɗaliba, Rukayya, ta shigo mini da hantsi, idonta ja. Ta gama digirinta a fannin kwamfuta, mahaifinta ya zo daga Kano bikin yaye su, saura kwana goma ya koma. Ta so ta kai shi bakin teku, ta shiga waya ta kama ɗaki a wani tsibiri na gabas, mai farin rairayi da ruwa shuɗi. Sai ga saƙo cewa jiragen ruwa ba sa tashi.

Na ce, "Watan Disamba kika kama gabas? Yanzu ai damunarsu ce, igiyar ruwa ta fi tsayin motata. Yawancin tsibiran a rufe suke sai ta lafa."

Ta ce, "Kawu, ni na ga ya yi araha ne."

Na ce, "Ai shi ya sa ya yi arahar."

Sai ta fito da sauran maganar. Mahaifin nata, Malam Garba, shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da tarihi a makarantar sakandare. Bara ya sami shanyewar ɓarin jiki, ya warware, amma ƙafar hagu tana ja. Likita ya hana shi nama, ya ce a rage gishiri da mai ƙwarai. Tun daga nan ya ɗaura yaƙi da abinci. Tunda ya sauka a nan, shayi da burodi kawai yake sha. Ta haɗa masa ɗanyen ganye irin na Turawa, ya ture, ya ce shi ba akuya ba ne. Rigunansa duk sun yi masa yawa.

Ta ce, "Abu biyu kawai ya roƙe ni. Ya ga teku, don bai taɓa gani ba sai ta tagar jirgi. Ya kuma ga ganuwar da 'yan Fotugal suka gina, wadda ya yi ta koyarwa. Ina tsoron in kai shi ya faɗi a hanya. Ina kuma tsoron ya koma gida bai gani ba."

Ban ce mata e ko a'a ba. Na ce sai na ga mutumin tukuna. Washegari da yamma na ɗauke su zuwa bakin tafkin Titiwangsa, wai shan iska. Dattijo ne dogo siriri, da sandar ƙarfe da hular zanna, maganarsa a hankali kamar mai yi wa aji shifta. Muna tafe muna hira, ni kuma ina ƙirga takunsa daga benci zuwa benci, ina sauraron numfashinsa. A benci na uku ya zauna, ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Malam Isyaku, lalube ni kake kamar ragon layya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin ne ya gaji haka."

Ya ce, "To me ka gani? Zan kai sallah?"

Na ce zai kai, in ya bi maganata. Ya yi dariya ya ce shi ɗalibai yake ba umarni, bai saba karɓa ba.

Kwana biyu kafin tafiyar na tafi Melaka, garin da ganuwar take, ni kaɗai. Na zaɓi gaɓar yamma saboda a wannan lokacin ruwanta kwance yake. Na sami ɗaki a hawan ƙasa, banɗakinsa ba bahon da za a ɗaga ƙafa, akwai ƙarfen riƙewa a bango. Na je ganuwar na duba inda mota za ta iya tsayawa. A bayanta akwai tudu mai matakala, da kangon tsohuwar coci a samansa. Ba ni da niyyar hawa da shi, amma hannu ya saba, sai da na hau na ƙirga matakalar, na rubuta inda duk ake samun fili a huta.

Abinci ne ya cinye mini wuni. Gidajen cin ganye zalla suna da yawa a garin, amma na san dattijon ba zai zauna ya ci a inda ake kunna turare gaban gunki ba, komai tsarkin tukunyar. Shagunan mamak kuma na Musulmi ne, amma hannunsu ya saba da gishiri da mai. Na shiga wajen shida. A na ƙarshe, wani lungu bayan kasuwa, na sami wani Ba'indiye Musulmi mai suna Salim, shi da matarsa ke girki. Na karanta masa katina, na nuna masa takardar likita. Ya ce mahaifiyarsa ta yi irin wannan lalurar, shekara huɗu yana dafa mata. Ya ce idan ka cire gishiri, sai tsamiya da masoro da tafarnuwa su tsaya a madadinsa. Ya ja ni bayan shago ya nuna mini wata bishiya. Ina ganinta na san an gama.

Ranar tafiya muka tashi bayan asuba, kafin rana ta yi zafi muna gaban ganuwar. Wanda bai taɓa zuwa ba gara ya sani: ƙofa ɗaya ce tal ta rage, ta jan dutse, da 'yan tsofaffin igwa a gefenta. Malam ya sauko, ya dogara sanda, ya duba dama ya duba hagu.

Ya ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Ingilishi sun rushe, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Na sani, ni na koyar da shi. Amma ban zaci iyakar abin da suka bari ke nan ba. Rukayya, ai Ƙofar Nassarawa ta fi wannan."

Na ga fuskar yarinyar ta faɗi. Shi kuwa ya matsa ya shafa bangon, ya ƙanƙari ɗan wuri da farce, ya ce wannan ai marmara ce, irin wadda ake haƙa a gida. Ya daɗe hannunsa na kan dutsen. Da ya ɗago sai idonsa ya sauka a kan tudun.

Ya ce, "Daga can suke hango jiragen abokan gaba. Can zan hau."

Rukayya ta ce, "Baba, don Allah. Likita fa..."

Ya ce, "Likita nama ya hana ni, bai hana ni tudu ba. Kowace shekara ni ke kai 'yan aji uku saman Dala."

A nan ne sana'ar take, ba a kwamfuta ba. Idan ka hana, ka mayar da dattijo yaro a gaban 'yarsa, kuma tafiyar ta tashi a banza. Idan ka bari ya faɗi, kai ne ka kawo shi. Na koma mota na ɗauko kujerar naɗewa da ruwa. Rukayya na riƙe da na'urar awon jini. Na ce masa sharaɗi ɗaya ne: duk inda na ajiye kujera zai zauna, idan na ce a juya za a juya. Ya ce ya ji.

Hutu na farko da na biyu lafiya. Kafin na uku ƙafar hagun ta ƙi ɗaguwa. Gumi ya jiƙa masa riga. Na tallafe shi na zaunar, Rukayya ta ɗaura masa na'ura. Jinin ya ɗan hau, amma bai kai iyakar da likita ya rubuta a takarda ba. Lambar asibiti tana kan wayata, yatsana a kai. Na sa shi ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi sunansa, na duba ko bakinsa ya karkace. Bai karkace ba. Muka zauna kusan rabin awa, mutane na wuce mu. Aka sake awo, ya sauka.

Na ce, "Malam, mun yi ƙoƙari. Mu juya."

Ya ce, "Saura nawa?"

Na ce, "Goma sha huɗu."

Ya ce, "Sha huɗun gaskiya, ko sha huɗun 'yan kasuwa?"

Na buɗe littafin na nuna masa shafin, da rubutuna na shekaranjiya. Ya karanta, ya dubi 'yarsa. Ita ce ta fara miƙewa, ta share ido, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannunsa. Ni ina ɗaya gefen. Shi da kansa ya riƙa ƙirgawa a fili, har sha huɗu.

A sama iska na kaɗawa ta cikin kangon da ba rufi. Can nesa, bayan gine-gine, ga mashigin teku, manyan jirage sun jeru kamar ba sa motsi. Malam ya ƙi kujera. Ya jingina da bango, ya ɗaga sandarsa ya mai da ita abin nuni, ya fara darasi. Ta nan kanumfari da masoro suke fitowa, ta can Larabawa da Indiyawa suke shigowa, ga dalilin da ya sa mutum zai zagaye Afirka gaba ɗaya saboda kayan yaji. Muryar da nake ji ƙasa-ƙasa tun Titiwangsa ta buɗe, har wasu baƙi suka tsaya suna kallo ba su san me yake cewa ba. Har tambaya ya jefo mini, na faɗi ba daidai ba, ya ce in da a ajinsa nake da na sha bulala.

Saukowa ta fi sauƙi, amma ta ci lokaci. Bayan azahar muka isa wurin Salim. Aka shimfiɗa masa ganyen ayaba a madadin faranti, ya ɗaure fuska, ya ce yanzu har kwanon ma ganye ne? Salim ya fito ya yi masa sallama cikakkiya, ya ɗan saki. Aka zuba shinkafa, miyar wake, kuɓewa, romon tsamiya mai yaji, sai wani koren ganye da aka dafa da kwakwa. Ya ɗebi koren da yatsa biyu kamar mai shan magani. Ya tauna, ya tsaya, ya sake ɗiba.

Ya ce, "Rukayya, wa ya kawo wa mutanen nan zogale?"

Na fassara wa Salim. Ya ce ai nasu ne tun kaka da kakanni, daga wurinsu ya bazu duniya. Malam ya ce a gaya masa a bayan ɗakin kakarsa ya tashi ya ga bishiyar. Suka kama musu ina tsakiya ina fassara, har sai da aka kai shi bayan shago ya ga itacen, ya tsinki ganye ya murza ya shinshina. Ya dawo ya zauna, ya cinye abin da ke gabansa tas, ya nemi ƙari. Rukayya ba ta ci nata ba, kallonsa kawai take. Kafin mu tashi ta shiga kicin da wayarta, matar Salim na nuna mata yadda ake haɗa romon, tana rubutawa. Muka yi tapau na dare, wato aka ƙulle mana a leda.

Washegari muka biyo ta Port Dickson. Na duba jadawali, ruwa zai cika bayan la'asar, don haka na ja lokaci a hanya, saboda in ya janye sai an yi tafiya mai nisa cikin taɓo kafin a taɓa shi. Na tsayar da mota a inda taku ashirin zai kai mutum bakin ruwa. Abu ɗaya na manta. Na gaya wa Rukayya tun a ofis cewa tekun yamma ba irin na hoton wayarta ba ne, amma shi ban gaya masa ba.

Ya tsaya a kan rairayi, iska na kaɗa masa riga. Ruwan ya cika har bakinsa, faɗinsa ba iyaka, amma launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, ga sararin sama ya haɗa hadari. Ya ƙura wa ruwan ido, ni kuwa na fara shirya ban haƙuri.

Ya ce, "Malam Isyaku, wannan ai kalar ruwan Tiga ce da damina."

Na ce, "Laka ce daga koguna, ranka ya daɗe. Shuɗin yana gabas, sai bayan wata uku."

Ya girgiza kai. "Shekara talatin da biyar ina zana taswira a allo. Alli shuɗi ba ya samuwa a makaranta, da kuɗina nake saye, saboda teku. Yaro ya taɓa tambayata, Malam, ka taɓa gani? Na ce masa ya zauna."

Ya miƙa mini sandar, ya ce a cire masa takalmi. Rukayya ta durƙusa ta cire, ta naɗe masa ƙafar wando. Muka riƙe shi dama da hagu, ya taka har ruwa ya rufe masa idon sawu. Igiya ta zo ta koma, rairayi ya zame a ƙarƙashin ƙafarsa, ya damƙe kafaɗata yana dariya.

Ya ce, "Ɗauki hoto, Rukayya. Ruwan za ki ɗauka sosai, ba ni ba. Ki tura wa tsofaffin ɗalibaina a zauren nan nasu na waya."

Ta ɗauka. Ta ce, "Me zan rubuta, Baba?"

Ya ce, "Rubuta: Malam Garba ya zo ya gani. Kowa ya ɗauko littafinsa, akwai gyara."